Yadda ake tafiyar da ranar ƙarshe ta yawon buɗe ido a bas a ƙasar waje

Shirin ranar ƙarshe tun daren da ya gabace ta ake fara shi, domin da safe babu sararin komai. Kafin a watse daga cin abincin dare, ka tambayi jagoran tafiya lokacin fitar da akwatuna da lokacin tashin bas, sannan ka tabbatar da tashar da za a sauke ka a filin jirgi, tunda manyan filaye irin Heathrow na Landan suna da tashoshi masu nisa da juna, kuma ba lallai ne 'yan ayari duka su hau jirgi ɗaya ba.

Daga nan sai haɗa kaya, wanda shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Akwatin da ya shiga ma'ajiyar ƙasan bas da wuya ka sake taɓa shi sai an isa filin jirgi, saboda haka fasfo, tikiti, kuɗi, magunguna da cajar waya su zauna a jakar hannu. Batirin ajiye caji ma a nan zai zauna, domin kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a saka shi cikin akwatin da za a tura ƙarƙashin jirgi, saboda haɗarin kamawa da wuta. Turare da man shafawa kuwa, in dai mazubinsu ya wuce mililita 100, babban akwati za su shiga, in ba haka ba a yawancin filayen jirgi za a karɓe su wajen bincike, ko da an kusa ƙarar da abin da ke ciki. Ka duba nauyin da tikitinka ya amince da shi, wanda sau da yawa kilo 23 ne, ka nemi sikeli a otal ka auna, domin tsaraba tana ƙara nauyi fiye da yadda mutum yake zato.

Idan a ƙasashen Tarayyar Turai ka yi sayayya, kuma kana son a mayar maka da harajin kaya, ka ajiye kayan a saman akwati tare da rasit da takardar da mai shago ya cika, saboda jami'an kwastam suna iya cewa sai sun gan su kafin ka miƙa akwatin.

A daren ne kuma ya kamata ka biya abin da otal yake bin ka, tun kafin layi ya yi tsawo da safe. Ka duba takardun tafiyar ka ga ko an riga an haɗa tukuicin jagora da direba cikin kuɗin da ka biya. Idan ba a haɗa ba, ka sa na kowa a ambulan dabam. Sulallan da suka rage maka ka kashe su a can, tunda masu canji ba kasafai suke karɓarsu ba.

Da safe, kafin ka ja ƙofa, ka zura hannu cikin akwatin ajiyar kuɗi na ɗakin har ƙurya, ka leƙa bayan ƙofar banɗaki da soket ɗin da ke gefen gado. Ka sauko da wuri, ka tsaya sai ka ga an loda akwatinka da idonka, ka mayar da na'urar kunne da ake sauraron jagora da ita. Makara a wannan rana ba ta da uzuri: a Tarayyar Turai doka ta wajabta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, don haka mintunan da aka ɓata ana jiran mutum ɗaya ba a cike su da gudu a hanya.

Idan aka isa, ka lalube aljihun kujerar gabanka da kantar sama, ka ƙirga jakunkunanka tun bas ba ta juya ba, sannan ka karɓi lambar da za ka kira idan aka soke jirginka. Jirgin sama mai zuwa wata ƙasa ana so a isa filin jirgi awa uku kafin tashinsa. Duk wanda ya roƙe ka ka riƙe masa ƙunshi ka tsallake bincike da shi, ko da tare kuka zauna tun farkon tafiya, ka ba shi haƙuri.