Yadda ake gwada faɗuwar atam mai makamashi biyu

Tun 1905 Einstein ya nuna makamashi da nauyi abu guda ne, a 1907 kuma ya ɗora da cewa jan ƙasa ba ya nuna wa kowa bambanci. To, atam (ƙwayar zarra) ɗin da yake kan matakan makamashi biyu a lokaci guda fa, da wane nauyi zai faɗi? Masana a Fulorans ta Italiya sun gwada wannan a 2017, kuma ga yadda ake yi.

Da farko a zuƙe iskar cikin bututun gwaji tas, a saki tururin wani nau'in ƙarfe mai suna rubidiyam-87. Sai a haska shi da leza ta ɓangarori shida har atam ɗin su yi sanyi ƙalau, su taru wuri guda kamar ɗan gajimaren da bai fi ƙwayar gero biyu ko uku ba. A lulluɓe bututun da garkuwar maganaɗisu, in ba haka ba aikin ya tashi a banza.

Daga nan a cilla gajimare biyu sama, ɗaya a bisa ɗaya. Me ya sa biyu? Girgizar ɗaki tana taɓa su daidai wa daida, in aka cire awon wannan daga na wancan sai ta ɓace.

Nan ne gizo yake saƙa. Matakan makamashi biyu na rubidiyam da ake amfani da su tazararsu gigahas 6.8 ce (gigahas ɗaya shi ne kaɗawa biliyan ɗaya a daƙiƙa). Da bugun maikirowef ake ajiye atam a mataki na ƙasa, ko na sama, ko a tsayar da bugun a rabi ya zamo yana duka biyun. Wannan na ukun shi ne dalilin duk wahalar, domin dutse ko ƙarfe ba ya iya shiga irin wannan hali.

Atam suna cikin faɗuwa sai a buga musu leza sau uku: na farko ya raba hanyar kowane atam biyu, na biyu ya juyo da su, na uku ya haɗe. Bayan haɗewar hanyoyin fita biyu ne, sai a ƙirga atam nawa suka fita ta kowace. Wannan ƙidayar ce take faɗin saurin faɗuwar. A yi ta maimaitawa ana sauya matakan.

A Fulorans ba a ga bambanci a saurin faɗuwar ba har zuwa kusan kashi 1 cikin biliyan. Ni dai ina ganin da sauran aiki, don makamashin da ke tsakanin matakan rubidiyam ƙanƙane ne ainun. Atam irin su sitironshiyam, masu tazarar da ta kai ta hasken da ido ke gani, su ne za su matsa wa ka'idar Einstein lamba sosai.