Yaushe ake canza giya a Honda S2000?

Wato S2000 ɗin farko ta 1999 injinta sai ya kusa rpm 9,000 (yawan juyawar inji a minti ɗaya) yake kai jan layi, wato iyakar juyawar da aka yarda inji ya yi, shi ya sa in ka tuƙa ta kamar Corolla za ka ce ba ta da ƙarfi. Cikin gari canza giya wajen 3,000 zuwa 4,000 ya isa, ka huta da shan mai. Amma in gudu kake so, bari inji ya yi zafi tukuna, sannan ka danna totur har allura ta wuce 6,000 inda VTEC (tsarin bawul na Honda da ke ƙara wa inji ƙarfi) ke buɗewa, ka ja ta zuwa kusan 9,000 ka taka kuloci da sauri don kada ta faɗo ƙasa da 6,000. Kuma don Allah ka kula da hannunka, daga giya ta 3 ka kuskure ka sa 2 maimakon 4, inji ya tafi gareji kenan.