Yadda nake tsallakar da citta lokacin sanyin Ingila

Citta 'yar ƙasar zafi ce, daren ƙanƙara ɗaya ya isa ya kashe ta. Shi ya sa a tukunya nake shuka tawa a nan Manchesta.

Da Oktoba ta kama, kafin sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 10, ki shigo da tukunyar ɗaki. Ganyen zai yi rawaya ya bushe. Kada hankalinki ya tashi, barci take yi. Ki yanke shi, ki janye ruwa kusan gaba ɗaya. Nan na yi asara shekarar farko, tausayi ya sa na riƙa zuba mata ruwa har saiwar ta ruɓe, abin ya yi min ciwo.

A Maris ki kai ta bakin taga, ki fara yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Waje kuwa, sai Yuni.