Yadda ake daidaita tsawon bayanin meta don kada Google ya datse shi

Yawancin masu fara gina shafin intanet sun ji cewa haruffa 160 ne iyakar bayanin meta, wato ɗan taƙaitaccen bayanin shafi da ke fitowa ƙarƙashin takensa a sakamakon binciken Google, sai su zauna suna ƙirge har su cika adadin cif, daga baya kuma su tarar Google ya yanke jimlar da ɗigo uku daidai inda muhimmiyar magana take. Dalili shi ne Google ba haruffa yake ƙirgawa ba, faɗin da rubutun ya ci a fuskar na'ura yake aunawa. A kwamfuta wurin yakan kai kimanin fiksel 920 (fiksel shi ne ɗan ƙaramin ɗigon da ake auna fuskar na'ura da shi), a waya kuwa kimanin 680, wato haruffa 155 zuwa 160 a kwamfuta, kusan 120 a waya. Harafin "m" ya fi "i" cin wuri, manyan baƙaƙe sun fi ƙanana, kuma kalmar da mai bincike ya nema takan fito da kauri, faɗinta ya ƙaru.

Saboda haka mataki na farko shi ne ka rubuta jimla guda wadda ba ta wuce haruffa 120 ba, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wadda za ta iya tsayawa da ƙafarta ko da an yanke duk abin da ya biyo bayanta. A nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Sukan buɗe da "Barka da zuwa shafinmu, inda muke kawo muku...", kafin su isa ga abin da shafin ya ƙunsa rabin wurin ya tafi a gaisuwa. Ka fara da kalmar da mai nema zai rubuta, ka faɗi abin da zai samu idan ya latsa, ka bar sunan shafin tunda yana fitowa a sama. Idan kuma labari ne mai kwanan wata, Google yakan maƙala ranar a gaban bayanin, ita ma ta ci nata kason.

Bayan haka sai ka ƙara gajeriyar jimla ta biyu har ka kai haruffa 150, kuma a ganina bai kamata a wuce nan ba. A watan Disambar 2017 Google ya tsawaita bayanan zuwa kusan haruffa 300, mutane suka yi ta sake rubuta nasu, sai ga shi a watan Mayun 2018 ya koma gidan jiya.

Don gwaji, Yoast na kyauta, wato kayan aikin da ke nuna yadda bayanin zai fito, wanda ake ƙarawa a manhajar gina shafi ta WordPress, ya wadatar, ba sai ka kashe kuɗi ba. Kada ka saka alamar zance mai ƙugiya biyu (") a cikin bayanin idan da hannu kake rubuta HTML, wato yaren da ake gina shafin intanet da shi, domin tana rufe bayanin tun bai ƙare ba. Kowane shafi ya samu nasa bayanin daban. Bayan 'yan makonni ka duba Search Console, wato kayan aikin Google da ke nuna yadda shafinka yake fitowa a bincike, ka ga ko masu latsawa sun ƙaru, ka kuma nemi shafin a waya da kanka, domin sau da yawa Google yakan ajiye abin da ka rubuta ya ciro wata jimla daga cikin shafin.