Yadda ake zagayen gaɓar tekun Gana da mota, daga Akra zuwa Elmina da Axim

A taswira, tsakanin Akra da Cape Coast bai wuce kilomita 150 ba, kuma wannan lissafin ne ke yaudarar mutane. Wanda ya saba da hanyar Kano zuwa Zariya zai ce tafiyar awa biyu ce. A zahiri awa uku ce idan hanya ta yi kyau, huɗu ko biyar idan ka makara ka faɗa cunkoson Kasoa, garin da ke bakin fita daga Akra. Don haka a wannan tafiya da awa ake yin tsari. Ka ware kwana huɗu idan kana so ka kai Axim da Nzulezo, kwana biyu kuwa idan Elmina ce iyakarka. Masu zuwa su dawo rana ɗaya suna ƙare yininsu a cikin mota, su shiga wurin tarihi a gajiye, su dawo cikin dare a hanyar da bai kamata a bi ta da dare ba.

Zaɓen lokaci

Damina biyu ce a kudancin Gana. Babbar tana farawa wajen Afrilu ta kai Yuli, ruwan ya fi ƙarfi a Yuni, ƙaramar kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Yadda kake ƙara yin yamma haka ruwa ke ƙaruwa, yankin Axim ma shi ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris hanyoyin ƙauye a bushe suke, sai dai hazon hunturu na Janairu yakan dushe teku a hoto. Agusta ma tana da daɗi, akwai sanyi-sanyi kuma ruwa yakan ɗauke. Idan biki kake nema, Aboakyer na Winneba Asabar ɗin farko ce ta Mayu, Bakatue na Elmina Talatar farko ta Yuli, Fetu Afahye na Cape Coast kuma Asabar ɗin farko ta Satumba. A waɗannan ranaku masauki yana ƙarewa tun da makonni, sai ka kama ɗaki da wuri.

Takardu da mota

Ɗan ƙasashen ECOWAS ba ya buƙatar biza, amma katin rigakafin shawara dole ne, ana tambayarsa a kan iyaka da filin jirgi. Wanda ya shigo da motarsa ta Aflao, iyakar Gana da Togo, ya riƙe takardun mota na asali, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, inshorar ECOWAS da ake kira katin burawun, da takardar shigar da mota na ɗan lokaci daga kwastan. Shingen 'yan sanda yana da yawa a hanyar, kuma ban da takardu sukan nemi ganin tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota idan ta lalace. Idan haya za ka yi a Akra, ɗauki mota da direbanta. Ƙarin kuɗin bai kai wahalar da zai rage maka ba, domin ya san inda ramuka suke da inda ake tsayawa.

Kwana ɗaya kafin tashi a kai motar gareji. A duba birki, ruwan lagireto, fambel, da waifa, domin ruwan bakin teku yana sauka ba sallama. A auna iskar tayoyi biyar har da safaya, a tabbata jak da sifanar kwance taya suna ciki. Ƙaramar mota za ta kai ka Takoradi da Axim lafiya, amma hanyoyin da ke ratsewa zuwa Butre da Princes Town na mota mai tsayi ne, musamman bayan ruwa. Ka canza kuɗi zuwa sidi tun a Akra, ka nemi ƙananan takardu, domin masu kwalekwale da masu kifi ba su cika samun canji ba.

Rana ta farko: Akra zuwa Cape Coast

Ka yi sallar asuba ka tashi, ƙarfe shida ta same ka ka wuce mahaɗar Mallam. Babbar hanyar N1 ce za ka bi har ƙarshe. Kasoa tana da nisan kilomita 30 daga Akra, sunan garin kuwa daga kalmar kasuwa ne, fataken Hausawa suka bar shi. A nan ya dace ka karya da koko da ƙosai, ka cika tanki.

Bayan Kasoa ka kiyayi abubuwa biyu. Na farko tudun rage gudu da ake jerawa a bakin kowane ƙauye, wasu ba fenti, idan ka hau su da gudu shokazoba da salansa ne za su biya. Cikin gari iyakar gudu kilomita 50 ne. Na biyu shan gaban mota. Inda hanyar ta koma layi ɗaya kowane ɓangare, tireloli masu zuwa tashar jiragen ruwa ta Takoradi da iyakar Kodebuwa suna tafiya a jere, kuma munanan haɗurran wannan hanya galibi gaba da gaba ne. Kada ka fita sai ka hango sarari mai nisa, ba a kan kwana ko hawa ba.

Gaɓar Gana cike take da sansanonin da Turawa suka gina don cinikin zinariya, daga baya na bayi, UNESCO ta saka su cikin kayan tarihin duniya a 1979. Kada ka ce sai ka shiga kowanne. Bayan na uku ido yana gajiya, duk su zama farin bango da igwa. A wannan rana biyu ƙanana sun isa. Bayan Saltpond, a Abandze, za ka hango Fort Amsterdam a kan tudu ta hagu. 'Yan Ingila suka gina shi, 'yan Holan suka ƙwace a 1665. Hawan bai fi minti goma ba, daga sama kuma za ka ga jerin itatuwan kwakwa da kwalekwale har iyakar gani. Gaba kaɗan akwai Anomabo, inda aka fara gina Fort William a 1753 lokacin da garin yake cikin manyan tashoshin fitar da bayi. Minti talatin kowanne.

Tun kafin Saltpond, a Mankessim da kewaye, za ka ga masu ɗaga naman daji a bakin hanya. Musulmi ya wuce shi, don ba a san yadda aka kashe ba. Abin saye shi ne abarba, da dokunun Fante, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a busasshen ganyen ayaba, wanda garin Yamoransa ya yi suna da shi. Yakan kwana biyu bai lalace ba, a ci da soyayyen kifi da yaji.

Idan ka isa Cape Coast da azahar, nemi unguwar zango ta wajen kasuwar Kotokuraba. Akwai masallaci, akwai waake, wato shinkafa da wake, da tuwo, kuma Hausa za ta fishe ka. Ka shiga sansanin Cape Coast wajen ƙarfe uku, rana ta yi sanyi. 'Yan Suwidin suka fara shi a 1653, ya koma hannun Ingila bayan shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu, kuma garin ya zama hedikwatar mulkinsu har 1877 da aka mayar Akra. Ana sayen tikiti a ƙofa, kuɗin ɗan ƙasa daban na baƙo daban, sannan a jira jagora ya haɗa rukuni. Zagayen kusan awa ɗaya ne. Za a gangara da kai kurkukun maza da ke ƙarƙashin ƙasa, ɗakuna masu duhu da 'yan ƙananan tagogi can sama, inda ake tsare ɗaruruwan mutane makonni suna jiran jirgi. Ƙasan da kake takawa ba dutse zalla ba ne, abin da ya fita daga jikinsu ne ya daskare a kai. Daidai saman kurkukun Turawan suka yi cocinsu. Daga nan sai ƙofar da ake kira ta tafiya ba dawowa, wadda ke buɗewa kan rairayi. Iska ta yi ƙaranci a ƙasan, mai asma ko hawan jini ya tsaya kusa da mashiga, ya riƙe ruwa. Za ka haɗu da baƙaƙen Amurka da na Karebiyan suna kuka ko addu'a. Kada ka ɗauke su hoto, kada ka ɗaga murya.

Rana ta biyu: Kakum da Elmina

Dajin Kakum yana kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Ka isa kafin ƙarfe tara, kafin motocin 'yan makaranta su cika wurin. Sai ka hau tudu na minti ashirin kafin ka kai gadar igiya, wadda aka buɗe a 1995: gadoji bakwai da aka ɗaure a jikin manyan itatuwa, tsawonsu gaba ɗaya mita 350, nisansu da ƙasa ya kai mita 30 ko fiye. Sa takalmi mai rufi, silifa na zamewa a dutsen da ya jiƙe. Faɗin katakon na mutum ɗaya ne, kuma gadar tana lilo idan an yi mata yawa, don haka ka bar tazara tsakaninka da na gabanka, hannu biyu a kan igiya, waya a aljihu mai zif. Akwai giwayen daji a Kakum amma kada ka sa rai za ka gan su, tsuntsaye da malam buɗe littafi za ka gani.

Da yamma sai Elmina, kilomita 13 daga Cape Coast. 'Yan Fotigal ƙarƙashin Diogo de Azambuja suka gina sansanin a 1482, babu ginin Turawa da ya girme shi a kudu da Sahara. 'Yan Holan suka karɓe shi a 1637 bayan sun hau da igwa kan tudun da ke fuskantarsa, suka riƙe har 1872 da suka miƙa wa Ingila. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan kama shi a 1896. Ka lura da farfajiyar kurkukun mata da barandar gwamna da ke samanta, inda yake tsayawa ya zaɓi wadda za a hau masa da ita. Bayan ka fito, haye gadar tafkin Benya ka hau wancan tudun, inda Fort St Jago yake. Daga can ne kaɗai za ka gane yadda aka ci sansanin da yaƙi, kuma a can ake samun hoton ɗaruruwan kwalekwale masu tutoci. Ranar Talata masunta ba sa fita teku bisa al'ada, jiragen duk suna gida amma babu hada-hadar sauke kifi. A bakin ƙofa samari za su tambayi sunanka, kafin ka fito sun rubuta shi a ɓawon katantanwa suna jiran kuɗi. Idan ba ka so, kada ka faɗi sunan.

Mai sauran lokaci ya ratse daga Yamoransa ta hanyar Kumasi zuwa Assin Manso, tafiyar kusan awa ɗaya. A rafin nan ake yi wa bayin da aka koro daga arewa wankan ƙarshe kafin a kai su teku. Da yawansu ta kasuwar Salaga suka biyo, Salagar da fataken goro ke nufi idan suka ce za su Gwanja.

Rana ta uku da ta huɗu: yamma da Takoradi

Daga Elmina zuwa Takoradi awa ɗaya da rabi ne. Cika tanki a can, cire kuɗi, domin gaba gidajen mai suna raguwa. A Agona Nkwanta ka karya hagu zuwa Dixcove, ka ga Fort Metal Cross a kan mashigar ruwa, ka kwana a Busua. Game da wanka: tekun nan yana da igiyar da ke jan mutum ciki ta ƙasa ko da saman ya kwanta. Shiga inda 'yan gari ke shiga kawai, kada ruwa ya wuce ƙugu, yara kuma a hannu. Idan ta ja ka kada ka yi kokawa da ita, yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ka fita daga bakinta.

Washegari hanya tana ratsa gonakin roba da na kwakwar manja zuwa Axim, inda 'yan Fotigal suka gina Fort St Anthony a 1515. Ka haye kogin Ankobra ka nufi Beyin, nan ake yankan tikitin Nzulezo, ƙauyen da aka kafa kacokan a kan turaku cikin tafki. Tafiyar kwalekwale kusan awa ɗaya ce kowane ɓangare. Nemi rigar ceto kafin ka zauna, sa waya a leda, kuma ka kauce wa ranar Alhamis, wadda mutanen wurin ke girmamawa a tafkin. Gidajen mutane ne kake ratsawa, sai ka yi gaisuwa ka nemi izini kafin hoto.

Daga Beyin zuwa Akra tafiyar awa bakwai ce ko fiye. Kada ka haɗa ta da Nzulezo a yini ɗaya. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu yana rufewa nan da nan, tirelar da ta lalace kuma sau da yawa ganye kawai ake zuba mata a baya. Kwana a Takoradi ko Elmina, ka tashi da safe, ka auna tafiyar yadda za ka ratsa Kasoa tsakanin sha ɗaya da biyu na rana.