Yadda Za Ki Kai Yaro Awo da Rigakafi

Iyaye mata sun yawaita tambayata, to ga amsa:

1. Duba katin yaro. Bayan allurar rigakafin ranar haihuwa, ana komawa a sati 6, 10, 14, sai wata 9 da 15.
2. Ki sa katin cikin leda, kada ya jiƙe.
3. Ki yi sammako zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwarku. Layin Kano ba ya jiran kowa.
4. A auna nauyinsa da damtsensa.
5. Ki faɗa wa ma'aikaciya ko yana zama, rarrafe, ko waiwayowa idan an kira shi.
Hattara: kada kunya ta sa ki ce "lafiya lau" alhali akwai damuwa.
6. Idan awon damtse ya faɗa kan launin ja na ma'aunin, tamowa ce. Karɓi takardar turawa, kada ki kwana.
7. A rubuta miki ranar dawowa.