Yadda ake auna ɗa'ar aikin likita mai koyon ƙwarewa a fannin taɓin hankali

Jarrabawar Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma da takwararta ta ƙasa ilimi suke aunawa. Riƙon amanar majiyyaci kuwa sai babban likitan da ke horarwa ya gani da idonsa.

In kai ne mai horarwar, nemi izinin majiyyaci, ka zauna gefe minti 15 zuwa 20 yayin da likita mai koyon yake duba shi. Kada ka sa baki sai in akwai haɗari. Rubuta abin da ya faru, kamar "ya katse ta sau uku", domin in ka rubuta "ba shi da haƙuri" musu kawai za ku yi.

A Katsina da wuya majiyyaci ya shigo shi kaɗai, kuma a nan ake gane likita. Mace ta zo da miji da uwar miji: ya nemi su ba su wuri, ya bar nas mace a ɗakin? Ya nemi yardarta kafin ya yi wa mijin bayani? Matashi mai shan tiramol ba zai faɗi gaskiya gaban mahaifinsa ba. In dangi suka ce sun kai shi ruƙiya, likitan kirki ba ya ba'a, tambaya yake ko an dakatar da magani a lokacin.

Sai fayil. Ɗauko biyar ba tare da ya zaɓa maka ba. Inda aka kwantar da mutum ba da son ransa ba, ko aka ɗaure shi, duba ko an rubuta dalili, lokaci, da sa'ar da aka sake duba shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ƙarfafa haƙƙin majiyyaci a nan.

Ka raba takardar tambayoyi kan halin likitan ga mutum 8 zuwa 12, nas-nas, masu ba da magani, ma'aikatan kati, kowa ya cike ba suna. Mai ladabi gaban oga kan zama wani mutum da ƙarfe biyun dare.

Babbar matsalarmu kara ce: kowa "ya yi ƙoƙari", sai takardar ta zama banza. Faɗa wa likitan gyara ɗaya ko biyu a ranar da ka lura da su, ku biyu kaɗai, ka sake dubawa bayan wata guda.

In mai himma ya fara makara da fushi, bincika gajiya ko ciwon damuwa kafin hukunci. Neman majiyyaciya ko karɓar kuɗi a ɓoye kuwa ya wuce nasiha. A rubuta wa shugaban sashe, in ta kama a kai Hukumar Kula da Likitoci ta Ƙasa.